Rawar Fol Bayan Matakin Farko: Yadda Ake Koyon Manyan Salo da Haɗa Su

Tambaya ɗaya masu karatu ke ta maimaitawa: a rawar fol, wato rawa da motsa jiki a kan sandar ƙarfe da ke tsaye, mutum ya iya hawa sandar, ya iya zagaya ta, ya iya juyawa kai ƙasa, daga nan kuma sai me? Wannan jagora ta wadda ta kai nan ce, tana rawar fol don motsa jiki da nishaɗi, ba don gasa ba. Da mace za a yi magana domin mata ne suka fi yawa a wasan, amma matakan ɗaya ne ga namiji. Ƙa'ida guda ce ke bin kowane mataki: ba a sakin riƙo sai wani riƙon ya kama, kuma ba a shiga salon da ba a san ƙofar fita daga cikinsa ba.

1. Fara gwada kanki

Kafin ki taɓa babban salo, ki tabbata kina iya waɗannan ta dama da ta hagu. Hawa har ƙoli sau biyu a jere ba tare da zamewa ba. Juyawa kai ƙasa sau uku ba tare da tsalle ko wurga ƙafa ba, ki kuma sauko a hankali kamar yadda kika hau. Ratayar ƙafar waje (wadda ke nesa da sanda), wadda ake kira Jemini, da ratayar ƙafar ciki (wadda ke kusa da sanda), wato Sikofiyo, kowacce daƙiƙa 10 hannu a sake. Tsayuwa da hannu a jikin bango daƙiƙa 20.

Idan ɗaya ya gagara, shi ne aikinki na wata mai zuwa. Mafi yawan waɗanda suka maƙale a manyan salo, in aka bi diddigi, juyin farko ne bai nuna ba.

2. Sanda, silin da katifa

Kaurin sanda da aka fi amfani da shi milimita 45 ne, shi ne kuma na yawancin gasa. Mai ƙaramin hannu za ta fi jin daɗin milimita 40. Ki sayi wadda ake iya kulle ta ta tsaya cik, a kuma buɗe ta ta riƙa juyawa. X-Pole da Lupit Pole su ne kamfanonin da aka fi sani. Samfurin XPERT na X-Pole yana shiga ɗakin da tsayinsa ya kama daga mita 2.2 zuwa 2.7 da ɗoriya. Wanda ya fi haka sai an ƙara masa guntu. Sandar da ba ta da suna, mai arha kamar tsintuwa, ki bar ta a inda kika gan ta. Araha ba ta ado, a nan kuwa wuyanki ne a kai.

Fatar sandar ma tana da magana. Kurom, wato rufin ƙarfe mai sheƙi, shi ne gama-gari, sai dai yana ɗauke da sinadarin nikel wanda ke sa wasu ƙaiƙayi. Mai wannan matsala ta nemi ƙarfen da ba ya tsatsa. Tagulla ta fi kama fata a wuri mai zafi. Akwai kuma sanda mai rufin roba, wadda ake hawa da dogon wando da riga mai hannu. Wadda ba ta son buɗe jiki wannan ce tata, amma ta sani ba a zamewa a kanta, kuma tana ƙona fata idan babu tufa. A kan sandar ƙarfe kuwa fata ce ke riƙo: bayan gwiwa, cinya, kwiɓi da hammata dole su taɓa ƙarfe kai tsaye, ko a sa wandon riƙo na musamman mai danƙo.

Hattara: sandar gida matsewa take yi tsakanin ƙasa da sama, ba a ɗaure take da ƙusa ba. Silin ɗin POP, na PVC, ko na kwali ba ya ɗaukar wannan matsi, fashewa zai yi. Sai ƙarƙashin rufin kankare ko daidai kan babban katakon rufi. Idan babu ko ɗaya, sanda mai dandamalin kanta ce mafita, duk da ta fi tsada ta kuma fi cin wuri. Bayan an kafa, a auna ta da ma'aunin magina ta ɓangare biyu a ga ta miƙe. Kullum kafin ki hau, ki kama ta ki jijjiga da ƙarfi, domin sauyin zafi da sanyi na sassauta ta.

Ki bar fili kamar mita ɗaya da rabi ta kowane gefe, ki kuma ɗaga kai ki duba fanka. Katifar wasan zagayayya ce mai rami a tsakiya, faɗinta kusan mita ɗaya da rabi. Don manyan salo ki nemi mai kaurin santimita 10 ko fiye. Katifar kwana tana gocewa, kuma tana barin gindin sanda a buɗe, inda kai ke sauka.

3. Fata da riƙo

Ranar atisaye babu basilin, babu man kaɗanya, babu kowane man shafawa tun daga safe. Ki shafa da dare bayan kin gama. Zobe da awarwaro a cire, suna kartar sanda suna kuma hana tafi kamawa. Ki goge sandar kurom ko ta ƙarfe da sifirit da tsumma mai laushi kafin farawa, da kuma duk lokacin da kika ji ta fara santsi.

Santsi iri biyu ne, maganinsu kuma kishiyoyin juna ne. Na zufa yana son abin busarwa irin su Dry Hands ko alli mai ruwa, ɗigo biyu a tafi ya isa. Na bushewa, wanda hunturu ke kawowa, yana son ɗan laima: fata ta bushe ƙayau, sanda ta yi sanyi, sai ki ji kina sulɓewa kamar kan gilas. Nan alli ƙara ɓata lamari yake yi. Ki tsawaita ɗumama jiki, ki ɗumama sandar da hawa biyu ko uku, ki fesa ruwa mai ɗan gilisarin a cinya da kwiɓi, ban da tafin hannu.

4. Ɗumama jiki da ginin kafaɗa

Minti 10 zuwa 15, har sai zufa ta tsatso. Daga nan sai aikin kafaɗa, wanda bai kamata a tsallake ba ko da ana sauri. Rataya da hannu biyu, gwiwar hannu a miƙe, ki ja allon kafaɗa ƙasa ki sake a hankali, sau 8, zagaye uku. Ki ɗaura igiyar roba a sanda daidai ƙugu, gwiwar hannu manne da kwiɓi, ki buɗe hannun waje sau 15 kowane ɓangare. Sai naɗe gwiwoyi zuwa ƙirji a riƙon juyi, sau 5 kowane gefe. A ƙarshe ki durƙusa, tafi a ƙasa, ki karkata gaba da baya don wuyan hannu.

Doguwar miƙa, irin ta tsaga ƙafa, ta ƙarshen atisaye ce. A farko tana rage wa tsoka kuzari.

5. Juyi a sama

Juyin da kika saba yi daga ƙasa, yanzu za ki yi shi bayan hawa ɗaya. Ki kawo jikinki gefen sanda, ƙugu a gabanta. Hannun ciki ya matse ta a hammata, tafinsa daidai haɓa, hannun waje a samansa kaɗan. Saki ƙafafu, naɗe gwiwoyi, sannan ki kwantar da ƙirji baya kina miƙe hannuwa yayin da ƙugu ke hawa. Kuskure uku ke hana shi: hannuwa sun yi sama da yawa, ƙugu ya koma bayan sanda, ko an jefa kai baya tun ƙugu bai tashi ba.

Hattara: wurga ƙafa don a samu juyi shi ke jawo ciwon nan mai suka tsakanin haƙarƙari, wanda numfashi ma ke tayar da shi, kuma yakan ɗauki makonni. Idan juyin bai zo ba, ki koma ki riƙa saukowa daga sama a ƙirga biyar. Saukowar ce ke gina hawan.

6. Hawan kafaɗa

Ki ba sanda baya. Ta zauna a kan tsokar da ke tsakanin wuya da kafaɗa, ba kan ƙashin baya ba, ba kuma kan ƙashin kafaɗa ba. Hannu biyu su kama ta saman kai da riƙon kofi, wato babban yatsa yana gefe ɗaya da sauran yatsu. Gwiwoyin hannu su kalli gaba, ki riƙa jan sandar kamar za ki tumɓuke ta ki jefa gabanki. Wannan jan ne ke manne ta da kafaɗa.

Daga zaune ake farawa: zauna a gindin sanda, ɗaga ƙugu, naɗe gwiwa ɗaya sannan ɗayar. Idan kin iya sau biyar, koma tsugune, sannan tsaye. Da ƙafafu sun iso sama ki harɗe sandar da su, sai bayan sun kama ki motsa hannu.

Hattara: a nan hannu kaɗai ke tsakaninki da faɗuwa a kan wuya. Tafi mai zufa, ki sauka ki goge. Wurin zai yi tsami da shati na mako biyu ko uku, wannan ba komai. Amma zugi ko mutuwar jiki da ke bin hannu zuwa yatsu alama ce ta sanda na danne jijiya, sai a gyara mazauninta.

7. Daga malam-buɗe-littafi zuwa Ayisha

Ayisha ita ce salon da kowa ke kwaɗayi: kai a ƙasa, hannu biyu kaɗai a sanda, ƙafafu a buɗe a iska. Ba a faɗa mata kai tsaye. Tsani uku ne a gabanta.

Na farko shi ne salon da sunansa ke nufin malam-buɗe-littafi. Daga Jemini, hannun waje ya kama sanda kusa da gwiwar da ta rataya, hannun ciki ya sauka ƙasa a miƙe, ɗan ali yana nuna ƙasa a jikin sanda. Juyo ƙirji ya fuskanci sanda, ki kai ƙafar da ba ta riƙe komai baya. Hannun sama ja yake yi, na ƙasa turawa. Wannan ja da turi shi ne dukan sirrin abin da zai biyo baya, kuma kafaɗar ƙasa ta riƙa ture sanda da ƙarfi, kada ki nutse a cikinta.

Na biyu, ki miƙe shi: ture ƙugu nesa da sanda har riƙon ƙafa ya zame daga bayan gwiwa zuwa idon sawu. Riƙe daƙiƙa 10. Idan jiki na karkata gefe, yawanci hannuwan sun yi kusa da juna, ko ƙugu bai daidaita da sanda ba.

Na uku shi ne katafila, ba motar gyaran hanya ba, tsutsa ake nufi. Kina kife, ƙafafu biyu sun matse sanda, ciki na fuskantarta, sai ki tura da hannu ki ɗaga ƙugu sama da baya har cinyoyi su rabu da sanda, ƙwauri da idon sawu kaɗai suka rage. Wannan ne ainihin mazaunin Ayisha. Wadda ba ta iya katafila sau uku a jere ba, ba ta shirya sakin ƙafa ba.

Yanzu Ayishar kanta. Ki yi ta ƙasa-ƙasa, hannun ƙasa bai fi taƙi biyu daga katifa ba. Daga katafila ki daidaita hannun sama, ki kalli sanda, ki cire ƙafa ɗaya ki mayar. Cire ɗayar ki mayar. Idan ƙugu bai motsa ba, cire duka biyun a naɗe, gwiwoyi na gefen sanda, daƙiƙa biyu, ki mayar. Sai wannan ya zauna za ki buɗe ƙafafu. Ƙugu na nesa da sanda, hannuwa da sanda sun yi siffar alwatika. Da ƙugu ya matso, nauyi sai ya rinjaya baya.

Riƙon hannun sama iri huɗu ne. Na gwiwar hannu, inda sanda ke cikin lanƙwasar hannu, ya fi saurin ba da daidaito. Wanda ake kira na gaskiya, babban yatsa ya zagaye sanda, gwiwar hannu a ɗan lanƙwashe, yana cin ƙarfi amma yana gina shi. Na kofi ya fi su wuya. Sai murɗaɗɗen riƙo, wanda mutane ke rububinsa saboda yana ba da Ayisha da wuri: hannu a miƙe, a murɗe, ana iya rataya a kan gaɓar kafaɗa ba tare da tsoka ta yi aiki ba. Sauƙin nasa shi ne haɗarinsa. Ki bar shi sai kin mallaki ɗaya daga cikin biyun farko, kuma kada ki taɓa yin tsalle ki faɗa cikinsa daga ƙasa.

Hattara: ƙofar fita biyu ce, ki koye su tun kafin ki saki ƙafa. Ko ki mayar da ƙafafu kan sanda, ko ki sauke su gefe ɗaya bayan ɗaya kamar mai alkafura. Faɗuwa ta baya ita ce mummuna. Idan ta zo, haɓa a ƙirji, kada ki saki hannun sama. Ki samu wadda za ta tare ki idan kin faɗo, ta tsaya a bayanki, hannunta a ƙugunki. Mai riƙe ƙafa ba ta tare komai.

Shiga Ayisha daga tsaye da tsalle, ban da murɗaɗɗen riƙo, yana zuwa ne bayan kin iya saukowa daga cikinta zuwa ƙasa a ƙirga huɗu.

8. Sufaman da Jed

Sufaman a ƙasa ake fara shi. Ki yi rub da ciki a kan hannuwa, sanda tsakanin cinyoyi can sama, ƙafafu a miƙe a matse, ki miƙa hannu ɗaya baya ki kama sanda sama da ƙugu, sannan ki ɗaga ɗayan. A sama ana shigarsa daga Jemini: hannu ɗaya sama da gwiwa, ɗaya yana turi a ƙasa, a juya ƙugu ya kalli ƙasa, sanda ta shige tsakanin cinyoyi. Zafinsa a fatar cinya ba wasa ba ne, kuma jinkiri a tsakiyar juyawa ke ƙara shi. Idan hannun sama ya yi nisa da ƙugu, ƙafafu za su zube.

Jed tsaga ƙafa ce a kwance a jikin sanda. Daga Jemini, ki jawo ƙafar ciki zuwa fuska da hannun waje, ta ƙetare sanda, hannun ciki ya tallafi ƙugu, bayan damtsensa na danne sanda. Wuri uku ke riƙe ki: kwiɓi, cikin cinya, da bayan damtse. Sai kin ji ukun sun kama za ki zare ƙafar waje ki sauke ta.

Hattara: jijiyar bayan cinya tana yagewa ne a irin wannan salo, idan aka fizgi ƙafa da hannu jiki bai yi ɗumi ba. Wadda tsagarta a ƙasa ta rage fiye da taƙi ɗaya, ta bar ƙafar baya a lanƙwashe.

9. Haɗa salo da salo

Nan ne ake gane wadda ta iya. Salo goma da ake saukowa ƙasa tsakanin kowanne ba su kai uku da aka ɗinke ba.

Ki ɗauki biyu kacal. Ki lissafa wuraren da jikinki ke taɓa sanda a na farko, da na biyu, ki nemo wanda suka yi tarayya a kai. Shi ne madogararki, ba ya motsi har a gama. Tsakanin Jemini da Sikofiyo, misali, kwiɓi ne: sanda na nan a matse a kwiɓi da saman cinya yayin da ƙafar ciki ke zuwa ta kama, sannan ta waje ta saki. Masu zamewa a nan kusan dukansu sakin ta waje suke yi da wuri. Ki fara da hannu a sanda, ki kuma faɗi jerin da baki kafin ki hau: kama, matse, saki.

Ki yi sauyin a ƙirga huɗu, ki tsaya a kowane salo tsawon numfashi ɗaya cikakke. Gaggawa ɓoye rauni take yi. Abin da ba ki iya yi a hankali ba, sa'a ce ke kai ki. Idan biyu sun ɗinku sau biyar a jere, ƙara na uku. Ga jeri mai kyau na farko: hawa, juyi a sama, Jemini, malam-buɗe-littafi, komawa Jemini, sauyi zuwa Sikofiyo, zamewa ƙasa a hankali haɓa a ƙirji har kafaɗu su taɓa katifa. Daga baya ki cusa Jed kafin Sikofiyo. Salon da ya fi cin ƙarfi ki sa shi na biyu ko na uku a jeri, lokacin da hannu bai gaji ba, kada ya zo ƙarshe.

Sanda mai juyawa sai jerin ya zauna a kan tsayayya. Dokarta ɗaya: jiki ya matso kusa, gudu ya ƙaru, hannu ko ƙafa ta miƙe waje, gudu ya ragu. Saboda haka juyi, wanda ke tattara jiki, yana zuwa da wani irin gudu da ke fizgar ƙafafu waje, kuma yana buƙatar ƙarfi fiye da na tsaye. Ki tashi da turi kaɗan, rabin abin da kike jin ya dace. Hajijiya tana raguwa da sabo: minti biyar a ranar farko, ki riƙa sauya ɓangare, kada ki hau da cikakken ciki.

Ki jingine waya daidai tsayin ƙugu ki ɗauki bidiyo. Abin dubawa: ina hannu ya yi ta laluben wuri, ina ƙafa ta yi lilo babu aiki, ina kika riƙe numfashi. Duk inda hannu ya gyara zama sau biyu, to tun a salon da ya gabata aka ajiye shi ba daidai ba, can za ki koma ki gyara.

10. Tsarin mako da ciwon da ba a yi wa taurin kai

Kwana biyu ko uku a mako, awa ɗaya zuwa awa ɗaya da kwata, da hutun kwana guda aƙalla tsakanin ranakun da kafaɗa ta sha aiki. Sabon salo guda ɗaya ko biyu a lokaci guda, gwaji biyar ko shida kowane gefe, a farkon atisaye. Tsoka tana ƙarfi da sauri fiye da jijiyoyin gaɓa, shi ya sa ciwon gwiwar hannu da na kafaɗa ke bayyana daidai lokacin da mutum ke jin ya yi ƙarfi. Gefen da ba ki so, da shi za ki fara.

Shatin jini da zafin fata suna wucewa. Ciwo mai suka a cikin gaɓa, ciwon kafaɗa da ke hana kwanciya a kanta, ko wanda ya wuce mako guda bai ragu ba, na likitan gashin ƙashi ne, kuma a daina salon da ya jawo shi har a gani. Mai juna biyu, mai hawan jini, mai cutar hawan ruwan ido, da wadda ba ta daɗe da haihuwa ko tiyata ba, su ji ta bakin likita kafin duk wani salo na kai ƙasa. Ko a gida kike koyo, hawan kafaɗa da Ayisha suna son idon ƙwararriyar mai koyarwa, ko da ta bidiyo ne sau ɗaya a wata, kuma ranar gwajinsu na farko kada ki kasance ke kaɗai a ɗaki, ƙofa a kulle.